GIZO YA GAMU DA GUMAKAN HELENAWA A BAKIN KWARA

Ƙasar Bagudo, can yammacin Jihar Kebbi, ƙasa ce ta mahaɗar hanyoyi. Ta wannan yanki ne kogin Kwara ke shigowa Nijeriya, bayan ya ratso Mali da Nijar ya gogi arewacin Benin. Wanda ke Lolo ko Tsamiya, tafiya kaɗan zai yi ya sami kansa cikin Jamhuriyar Benin, wadda aka sani da sunan Dahomey har zuwa 1975. Ran kasuwa a Illo ko Ka'oje, za ka ga Bahaushe na ciniki da Bafillace, ga Dandawa da Zabarmawa, ga Busawa da Kyangawa, kowa da harshensa. Shinkafa da albasa da busasshen kifi da shanu suna ta kai da kawowa. Amma akwai wani kaya guda wanda ba a ɗura shi a buhu, ba a kuwa biya masa kuɗin fito. Wannan kaya shi ne labari.

Tun zamanin kakanni labaru ke ƙetare wannan iyaka a bakin fatake da masunta da makiyaya. Yanzu kuwa ga sabuwar hanya ta zo, watau wayar hannu. Ta cikinta waɗansu baƙi ke isowa har ɗakin kwanan 'ya'yanmu, ba sallama. Baƙin nan su ne allolin Helenawa na dā, su Zafsa da Hamisa. Yaro ɗan sakandare yana iya zama yana duban waya yana ta ƙyalƙyala dariya. In ubansa ya tambaye shi, sai ya ce labarin allahn tsawa yake karantawa, wanda aka sace masa walƙiya. Uban da ya san Dokoki Goma, tilas gabansa ya faɗi. Wasa ne wannan, ko kuwa ƙofar bautar gumaka ce ake buɗewa sannu a hankali? A hana, ko a ƙyale? Maganar da muke so mu duba ke nan tare da masu karatunmu a wannan wata.

WANE IRIN LABARI NE?

Helenawa su ne mutanen ƙasar Girka. Tun wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu suna da dogayen waƙoƙi biyu da ake danganta wa wani mawaƙi mai suna Homa. Ɗaya tana ba da labarin yaƙin birnin Tiroy, ɗaya kuwa labarin wahalar da wani jarumi, Odisiyus, ya sha shekara 10 a kan hanyarsa ta komawa gida. A cikin labarun nan akwai manyan alloli 12 waɗanda aka ce suna zaune a bisa Dutsen Olimfus, dutse mafi tsawo a ƙasar, mai fiye da mita 2,900. Babbansu Zafsa ne, mai tsawa da walƙiya. Hamisa shi ne manzonsu, Afolo kuwa mai kiɗa da duba.

A 2005 wani malamin makaranta na Amurka mai suna Rick Riordan ya fitar da littafin farko na labarin wani yaro, Percy Jackson. Asalin abin kuwa hira ce da yakan yi wa ɗansa da dare kafin ya yi barci. Da tsofaffin labarun Helenawa suka ƙare masa, sai yaron ya ce ya ƙago sababbi. A cikin labarin, allolin nan sun taso daga Girka sun koma Amurka da zama. Fadarsu tana can bisa wani dogon bene na birnin New York, ƙofar lahirarsu kuwa tana Los Angeles. Zuwa 2009 littattafan sun cika 5, an fassara su cikin harsuna da yawa, a 2023 kuma aka fara nuna su a wasan talabijin.

To, mai karatu in ya ƙare littafi mai daɗi, ba ya son rabuwa da mutanen ciki. Saboda haka samari da 'yan mata a ƙasashe da dama suka shiga rubuta nasu ci gaban. Sukan ɗauki mutanen da wani ya riga ya ƙaga, su sa su cikin sabon hali, su ba abokansu su karanta kyauta a intanet, a wurare irin su Wattpad, wanda aka kafa a 2006, inda marubutan Hausa ma ke sa nasu littattafai. Mu a nan za mu kira irin wannan rubutu labarin ɗori, gama ɗora shi ake yi a kan ginin wani. Da yawa cikinsu na ban dariya ne. Dabarar kuwa guda ce: a ɗauki babba a sa shi cikin ƙaramar damuwa. Mai tsawa yana neman wurin da zai sa wa wayarsa caji. Jarumin da ya kashe zaki da hannu yana rawar jiki gaban allura.

HELENAWA DA KANSU SUN YI DARIYA

Kada mai karatu ya yi tsammani yaran zamani ne suka fara. Helenawa da kansu ne suka soma yi wa allolinsu dariya. Dubi labarin Hamisa. An ce ran da aka haife shi da safe, kafin dare ya sulale daga shimfiɗarsa ya sace shanu 50 na wansa Afolo. Don kada a bi sawu, sai ya kora su da baya da baya. Da aka kama shi, ya ce shi jariri ne ɗan kwana ɗaya, ina ya san saniya? A ƙarshe ya ba Afolo molon da ya yi da ƙoƙon bayan kunkuru, aka shirya. Duk makiyayin Ka'oje da ya ji wannan zai ce ai ya san irin wannan ɓarawo.

Odisiyus kuma, da wani ƙaton dodo mai ido ɗaya ya tsare shi cikin kogo, ya ce masa sunansa Ba-Kowa. Da ya tsiyaye wa dodon ido, dodo ya yi kururuwa, 'yan'uwansa suka zo suna tambaya wa ya taɓa shi. Ya amsa da sunan da aka gaya masa, suka juya suka tafi abinsu.

A shekara ta 405 kafin haihuwar Almasihu, wani marubucin wasa na Atina, Aristofanis, ya ci gasa da wasan da ake kira Kwaɗi. A ciki allahn ruwan inabi ya sa fatar zaki ya kama hanyar lahira, yana cika baki shi jarumi ne. Amma duk inda aka ga alamar dūka, sai ya tilasta wa bawansa su yi musayar tufafi. Jama'ar birni suka yi ta dariya, a ranar bikin wannan allah ɗin kansa.

Bayan shekaru wajen 550 sai ga Lukiyan, mutumin Samosata a bakin Kogin Yufiretis. Ya rubuta labarin tafiya inda guguwa ta ɗauki jirgin ruwansu ta kai shi wata, suka tarar ana yaƙi tsakanin sarkin wata da sarkin rana. Da suka sauko, wani ƙaton kifi ya haɗiye su da jirgin duka. Tun a farkon littafin ya gaya wa masu karatu ƙarya zai yi musu, kada su gaskata kome. Wannan gaskiya tasa ta fi ta masu ba da labari da yawa.

Masu hankali cikin Helenawa sun ga abin da dariyar nan ke tonawa. Wani masani, Zenofanis, tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Almasihu, ya zargi mawaƙa da jingina wa alloli sata da zina da ha'inci. A ganinsa mutane ne suka siffanta allolin nan da kamanninsu, da a ce shanu da dawaki sun iya zane, da su ma sun zana nasu da ƙafa huɗu.

MU MA MUN SABA DA ƊORI

A ƙasar Hausa ba mu da wanda za mu ce shi ya ƙago Gizo. Kowace kaka tana karɓarsa daga tata kakar, ta ƙara masa gishiri, ta miƙa wa jikoki. Yau Gizo ya yaudari giwa da dorina su ja igiya, kowace tana zaton da shi take ja. Gobe ya cuci kura, jibi Ƙoƙi ta tona masa asiri. Ba wanda ya taɓa kai ƙarar wata tsohuwa don ta sāke ƙarshen tatsuniya. Ashe ɗori ne muke yi tun fil azal, sai dai ba mu raɗa masa suna ba.

Da rubutun boko ya zo, aka soma tara tatsuniyoyin nan a takarda. Wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, ya buga Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya fitar da manyan littattafai 3 na tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913, da yawa cikinsu kuwa malaman ƙasar Sakkwato ne suka rubuta su. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa 'yan makaranta jerin Tatsuniyoyi da Wasanni.

Amma sarkin ɗori a Hausa shi ne Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. A gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 ya shigar da Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta yi wa juna ƙeta daga gari zuwa gari. Sa'an nan tsakanin 1937 da 1939 ya fito da Magana Jari Ce cikin littafi 3. Ya ɗebo labaru daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, ya tuɓe musu tufafinsu, ya sa musu riga da rawani, ya ba aku ya faɗa. Yaro ya karanta ba zai taɓa cewa baƙi ne ba. Haka kuma Ahmadu Ingawa ya ɗauko wani jarumi na tatsuniyar Rasha ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi. A kudu, Ola Rotimi ya ɗauki labarin Sarki Idifus na Helenawa ya dasa shi a ƙasar Yarbawa, aka fara nuna wasan a 1968. Wole Soyinka ma ya yi haka da wani wasan Helenawa a 1973. Saboda haka yaron da ya kawo Hamisa kasuwar Bagudo, sawun manya ya bi.

GA ƊANƊANO

Domin iyayen da ba su taɓa ganin irin wannan rubutu ba su gane abin da ake nufi, bari mu ƙaga wani gajere a nan. Helenawa sun ce akwai wani tsohon mai fito, Karon, wanda ke ƙetarar da matattu kogin lahira. Don haka sukan sa wa mamaci ɗan kuɗi a baki, ladan fito. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Wata rana Karon ya gaji da fasinjojin da ba su hira. Ya ɗauki kwalekwalensa ya zo Kwara, ya soma jigila tsakanin Lolo da Malanbil. Sai ga Gizo da buhun albasa 7.

Karon ya ce, "Malam, kuɗin fito tukuna."

Gizo ya lalube aljihu ya ce, "Ayya, baba, ai sefa ce gaye ni. Nan kuwa ƙasay naiya ce. Bayi mu isa can in biya ka."

Suka isa Malanbil, Gizo ya sayar da albasa, ya sayo atamfa. Karon ya miƙa hannu. Gizo ya sāke lalube, ya riƙe baki ya ce ashe bai duba da kyau ba, naira ce a aljihun, nan kuwa ƙasar sefa ce, sai sun koma. Haka suka yi ta yi har kasuwa 7. Ran nan Karon ya tambaye shi sunansa don ya rubuta bashi. Gizo ya ce, "Ba-Kowa ɗan Ba-Kome."

Karon ya hau Dutsen Olimfus kai ƙara, ya tarar da Zafsa na barcin rana. Aka tashe shi, ya ce, "Wa ya cuce ka?" Karon ya ce, "Ba-Kowa, ranka ya daɗe." Zafsa ya ce, "Ɗan wa?" Ya ce, "Ɗan Ba-Kome." Zafsa ya fusata, ya jefe shi da walƙiya, ta kuskure shi ta faɗa kan rumbun Hamisa. Hamisa ya zo a guje, ya ji yadda aka yi, ya yi dariya har da hawaye, ya ce lalle wannan Gizo ɗan'uwansa ne, a ba shi shi ya riƙa yi masa kiwo.

Karon ya komo Lolo ya tarar da Gizo a bakin ruwa yana washe baki. Tsoho bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ba kome, ɗana, riƙe kuɗinka. Ina da wani jirgin a gida, wanda kowa sai ya shiga. Ran nan ba a tambayar naira ko sefa, ba a kuma komowa." Gizo ya ji haka, cikinsa ya ɗuri ruwa, ya zubar da atamfa, ya ruga gida ya haye saƙon ɗaki. Shi ya sa har yau can yake zaune, ba ya son ko a ambaci ruwa. Ƙurunƙus.

Mai karatu ya ga ba wanda aka yi wa sujada a nan. An yi dariya, an kuma tuna da ranar da wayo ba ya fid da mutum.

AKWAI LABARIN DA BA NA WASA BA

Sai dai ba kowane tsohon labari ne tatsuniya ba, mutanen Bagudo kuwa sun fi kowa sanin haka. Illo tana ɗaya daga cikin manyan garuruwa 3 na tsohuwar ƙasar Borgu, tare da Busa da Nikki. Sarakunan Borgu suna danganta asalinsu da wani sarki mai suna Kisra, wanda aka ce ya taso daga gabas da jama'arsa har suka iso Kwara. A wata riwaya, bayan sun haye sai kogin ya buɗe ya yi fāɗi, masu binsu suka kāsa ƙetarewa. An ce 'ya'yansa 3, Woru da Sabi da Biyo, su ne suka kafa sarautun Busa da Nikki da Illo.

Turawa sun raba ƙasar nan biyu. A 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki. A yarjejeniyar 1898 Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo kuwa hannun Ingila. Tsohuwar Busa ma ruwan madatsar Kainji ya cinye ta a 1968. Duk da haka labarin Kisra bai san iyaka ba, har yanzu yana haɗa dangi na nan da na can, kowace shekara kuma mahaya dawaki na taruwa a Nikki don bikin Gani.

Baƙi ma sun yi wa wannan labari nasu ɗori. Da yake Kisra shi ne sunan da Larabawa ke kiran sarakunan Farisa, wani Bajamushe, Leo Frobenius, ya ce lalle rundunar Farisa ce ta iso nan. Waɗansu Turawa kuma suka ce ai Kisra Kiristi ne aka karkatar da sunan. Masana tarihi na baya sun duba, ba su sami hujjar da ta tabbatar da haka ba. Darasi ke nan gare mu: daɗin magana ba ya mai da ita gaskiya, ko da ta yi daidai da abin da zuciyarmu ke so.

Haka nan kuma, a cikin al'adun Dandawa da Zabarmawa akwai labarin Dongo mai tsawa, da Harakoi Dikko uwar ruwan Kwara, da Faran Maka, kakan masunta Sarkawa. Wanda ya san Zafsa zai ga kama da Dongo. Amma akwai bambanci babba. Haikalin Zafsa a Atina kango ne yau, masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hotonsa. Dongo kuwa har yanzu akwai masu jin tsoronsa, akwai masu yi masa yanka. Yaron da ya mai da asalin sarautar maƙwabcinsa abin ba'a, ya jawo faɗa. Wanda kuma ya shiga sha'anin iskoki da sunan wasa, ya taka wurin da bai kamata ba. Barkwanci irin na Fulani da Barebari yana da daɗi ne don duka biyu sun yarda da shi.

TO, ME LITTAFI YA NUNA MANA?

Tsoron iyaye ba na banza ba ne. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a kan tatsuniyoyi marasa amfani, a 1 Timoti sura 1 da sura 4. Amma in mun karanta wurin da kyau, za mu ga yana magana ne a kan masu koyar da ƙage a cikin ikkilisiya a maimakon koyarwar gaskiya. Laifin shi ne a ɗauki tatsuniya a sa ta a mazaunin gaskiya.

Abin da ya faru a Listira ke nan, cikin Ayyukan Manzanni sura 14. Da gurgu ya warke, mutanen gari suka ce Barnaba Zafsa ne, Bulus kuwa Hamisa, har firist ya kawo bijimai za a yi musu hadaya. Manzannin suka kyakketa tufafinsu suka hana. Amma a sura 17, a Atina, Bulus ɗin nan ya tsaya gaban masana ya kawo maganar mawaƙansu don ya jawo hankalinsu ga Allah Mai Rai. Ashe ya san rubuce-rubucensu. Sanin labarin bai ƙazantar da shi ba, sai ma ya zama masa gada. Kada kuma mu manta da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari.

Ƙagaggen labari kuwa yana cikin Littafi. Yotam ya ba da labarin itatuwa da suka fita neman sarki, a Littafin Mahukunta sura 9. Annabi Natan ya kama Sarki Dawuda da labarin 'yar tunkiyar matalauci. Annabi Iliya ma a Dutsen Karmel ya yi wa annabawan Ba'al ba'a, ya ce su ɗaga murya ko allahn nasu barci yake yi. Gunkin da ake yi wa dariya ya riga ya rasa kwarjininsa.

Magabatan ikkilisiya ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba. Tartuliyan, mutumin Kartaj a Afirka ta Arewa, yana ganin ba abin da ya haɗa mai bi da hikimar Atina. Basil na Kaisariya kuwa, wanda ya rasu a 379, ya rubuta wa samari shawara su karanta littattafan Helenawa yadda ƙudan zuma ke yi da fure, su ɗebi abin amfani su bar sauran. A zamanin kusa, C. S. Lewis, mashahurin marubuci mai bi, ya cika labarunsa na Narnia da halittun tatsuniyar Helenawa, na farkonsu ya fito a 1950. Mu a ganinmu shawarar Basil ta fi dacewa da gida. Sai dai mu tuna da 1 Korintiyawa sura 8: gunki ba kome ba ne, amma wanda lamirinsa bai ba shi ba, kada a tilasta masa, kada kuma a yi masa dariya.

SHAWARA GA IYALI

Na fari, ya ku iyaye, ku tambaya kafin ku tsawata. Ku ce wa yaro ya ba ku labarin da bakinsa, da Hausa. In ya iya faɗa a gaban uwarsa da ƙannensa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, da wuya a sami mugun abu a ciki. In ya soma inda-inda, to, ga wurin dubawa.

Na biyu, ku sani haɗarin da ya fi girma ba sunan Zafsa ba ne. Labarin ɗori ba shi da edita, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Akwai masu tsabta, akwai kuma masu cike da batsa, sau da yawa a wuri ɗaya. Tsofaffin labarun Helenawa kansu suna da wuraren da ba su dace da yara ba. Littafin da aka buga domin yara ya fi aminci ga ƙanana. Manya kuwa a koya musu su rufe abin da bai kamata ba da hannunsu, gama ba kullum uba ke tsaye a kansu ba.

Na uku, a sa wa abin lokaci. Kakanninmu sun hana tatsuniya da rana, suna cewa mai yi zai ɓata a daji. Hikimar ita ce kada hira ta cinye aiki. Yaron da ya kwana kan waya, gobe zai yi gyangyaɗi a aji, kuɗin data kuma daga aljihun gida yake fita.

Na huɗu, a koya wa yara bambanta abu uku: tatsuniya, da tarihi, da Maganar Allah. Tatsuniya muna buɗe ta da alama, mu rufe ta da alama, kowa ya san ƙarya ce mai daɗi. Tarihi ana bincikensa da hujja, ana kuma girmama masu shi. Maganar Allah kuwa ita ce muke dogara gare ta, rai da mutuwa. Yaron da ya riƙe wannan bambanci, ba Zafsa ba, ko allolin Olimfus duka 12 suka taru ba za su ruɗe shi ba.

Na biyar, ku mai da mai karatu marubuci. In 'yarku tana jin daɗin labarun nan, ku saya mata littafin rubutu da alƙalami, ku ce ta rubuta nata da Hausa, ko da Busanci, ko da Dandanci. Amma ku aike ta wurin kakarta tukuna ta ɗebo na gida. Tsofaffin da suka san tatsuniyoyin Kyangawa da na Sarkawa suna raguwa kowace shekara, abin da ke bakinsu kuwa ba duka ne aka rubuta ba. Helenawa sun rubuta nasu, shi ya sa bayan shekara fiye da 2,500 yaro a Bagudo ke dariya da su. Namu in ba a rubuta ba, wa zai yi dariya da su a gaba?

Muna roƙon kowane gida ya keɓe dare ɗaya a wannan wata. Bayan an ci tuwo, a ajiye wayoyi cikin ƙwarya guda, a shimfiɗa tabarma. Kaka ta fara da Gizo, yara su kawo nasu baƙin na Girka, a ga wanda zai fi wani wayo. In an gama dariya, mai gida ya buɗe Littafi, a yi addu'a, kowa ya san inda wasa ya ƙare da inda gaskiya ta soma.